Numfashin Kawu Yari

Minti biyu da daƙiƙa goma ne tsawon kiɗan. Sati bakwai na yi a kansa.

Ba ni da makaɗa. Abin da nake da shi tsohuwar kwamfutar yayana ce, cike da sautukan da aka naɗa daga kayan kiɗan Turawa: goge manya da ƙanana, ƙahonni, ganguna. Kowane sauti zaman kansa yake. Ni nake jera su, in ce wa wannan shigo, wancan yi shiru. Tun da na gama sakandare aikina ke nan a ɗakinmu na Mabera, in an kawo wuta.

Anti Khaula ce ta nemi kiɗan. Tana da shirin manoma a wani gidan rediyo, tana son abin buɗewa. Ta ce in kai mata ranar Alhamis. In bai yi mata ba, za ta ɗauko na intanet kamar kowa. Ni kuwa ban taɓa jin kiɗana daga wata sifika da ba tawa ba.

Ranar Talata na tura shi zaurenmu na waya. Mu arba'in da 'yan kai ne, masu haɗa kiɗa da kwamfuta, daga Jos, Kaduna, Kano. Na rubuta: "Ga nawa. Ku faɗi gaskiya."

Mutum shida suka turo hoton wuta. Wannan ba magana ba ce. Sai Saifullah na Kaduna, wanda ya karanta kiɗa a makaranta, ya turo murya.

"Siddiƙu, gogenka sun zauna, gangunan ma ba laifi. Amma busar nan ta tsakiya, obo ɗin nan, daƙiƙa arba'in ba tsayawa? Wane ɗan Adam ne? Yanka ta, ka bar gurbin numfashi. Duk wanda ya san kiɗa zai gane na'ura ce."

Wani ya ƙara: "Basakkwace ya shaƙe mai busa, a kira 'yan sanda."

Na san abin da na yi. Obo wata sarewar Turawa ce mai siririyar murya, kuma don ba ni da sautin algaita na sa ta a madadinta. Algaita kuwa ba ta yankewa. Kawu Yari, yayan Innata, shekara talatin yana busa ta a bukukuwa kafin haƙoransa su zube. Yakan cika kumatu da iska, ya ja sabuwa ta hanci, busar tana tafiya abinta.

Duk da haka na gwada shawarar Saifullah. Na yanka wuri biyar. Ya fita tsaf, kamar na kowa. Na ajiye duka biyun a waya.

Laraba da hantsi na hau Keke zuwa Tudun Wada, inda Kawu yake zama a rumfar hatsin ɗansa.

"A'a, sarkin kiɗa marar makaɗa," ya ce. "Innarka lahiya?"

Na gaishe shi, na sa masa abin ji a kunne, na kunna yankakken.

Bai bari ya ƙare ba. "Wanga mai busa mi yas same shi? Tari shika yi?"

Na kunna na farkon, wanda ban yanka ba. Ya rufe ido har ƙarshe.

"Awo. Wanga ya san aiki."

Na miƙa hannu zan karɓi abina. Ya riƙe ni.

"Amma matacce na."

"Kawu, yanzu ka ce..."

"Tsawon ba laihi. Saurara, ɗan nan. Lokacin da hanci ka jan iska, kumatu ɗai ka turawa. Busar sai ta ɗan rame, kana ta sake cika. Taka miƙe take kamar wayar lantarki. Ko ni da ina da ƙarhi ban yi haka ba, kuma ban ga wanda yay yi ba."

Ashe Saifullah ya ji akwai ciwo, amma bai san inda yake ba.

"Nuna mini wuraren," na ce.

"Sake sa shi."

Na sake. Ya ɗora yatsa a gwiwata. Duk inda da shi ne zai ja iska, sai ya danna. Ina kallon daƙiƙun a waya, ina rubutawa a tafin hannuna da biro. Kumatunsa suna kumbura da kansu, ba algaita a bakinsa. Wata mata ta zo neman gero, ya ɗaga mata hannu ta jira. Ta jira, tana kallonmu kamar marasa hankali.

Wuri goma sha ɗaya.

Da na koma gida, ban wanke hannun ba sai da na gama. A kowane wuri na ɗan sauke ƙarfin sautin, kaɗan ƙwarai, na sake ɗaga shi. Ban yanke ko ɗaya ba. Na tura wa zaure, na rubuta: "Ban yanka ba. Algaita ce."

Saifullah ya ce: "Ya fi rai yanzu. Amma fa obo ba ta haka."

Na ce: "Na sani."

Ranar Alhamis Anti Khaula ta kunna shi a ofishinta, tana rubutu tana ji. Goge suka shigo, ba ta ɗago ba. Ganguna suka shigo, ba ta ɗago ba. Da busar ta kai rabi sai ta ajiye biro.

"Wa ya busa maka wannan?"

"Kwamfuta ce, Anti. Numfashin dai na kawuna ne."

Ta sake kunna shi tun daga farko, wannan karon ba ta rubutu.

"Asabar, ƙarfe huɗu," ta ce. "Tura mini kwafi mai kyan sauti."

Daga bakin ƙofar gidan rediyon na kira Kawu, na ce ya kunna rediyonsa ranar Asabar bayan la'asar.

"Batir ya mutu," ya ce. "Ka taho da sabo, mu ji tare."