Jan da Ya Ƙi Bushewa

Tururuwa ta yi layi a bangon ɗakin ajiya har ta hau kan zanen, duk wadda ta taka jan fenti sai ta maƙale. Surayya ta tsuguna tana tsince su da tsinken tsintsiya.

Malam Sirajuddeen, tsohon malamin zane da take zuwa wurinsa a Dutsin-Ma, shi ya ba ta hoton ta kwaikwaya. Wani Bature ɗan Italiya ne ya zana shi tun zamanin da, don bangon coci: an danne wani waliyyin Kiristoci a ƙasa, hauni ya take shi da gwiwa yana zaro wuƙa, wata tsohuwa ta dafe kai. Malam ya ce wanda ya iya fito da hasken da ke kan wuyan waliyyin nan ya iya fentin mai. In ta kawo masa shi daidai zai ci gaba da koya mata, in ba haka ba ta koma wa fensirinta.

Tana tsaka da aiki a gidansu na Kurfi man dama fentin da ya ba ta ya ƙare. Ta ce ai mai mai ne, ta tsiyayo man gyaɗa daga kwalbar Inna. Launi ya fito, sai sheƙi yake. Ashe man gyaɗa ba ya bushewa. Niyyarta ta naɗe zanen ta cusa ƙarƙashin katifa, amma dole ta jingine shi bayan buhunan gero, a gidan da mahaifinta ke karantar da Alƙur'ani a zaure.

Ran Juma'a yayanta Abdullatif ya shiga ɗauko tabarma, ya fito da ja a gefen farar rigarsa. Ya shafa jikinsa, bai ji ciwo ba. Ya koma ya janye buhu.

Kafin Surayya ta taso daga madafa ya jefo zanen tsakar gida. Ya tambaye ta gunkin wa take yi a gidan malamai. Ta fara cewa koyo ne kawai, mari ya katse ta. Na biyu ya haɗa ta da turmi, leɓenta ya fashe. Inna ta riƙe masa riga, ya fizge har ta faɗi zaune.

"Yaya, don Allah," in ji Surayya. "Wuyan kaɗai ya rage mini."

"Bari in ƙarasa miki."

Ya ɗauki wuƙar da Inna ke yanka kuɓewa. Ya keta fuskar haunin, ya keta tsohuwar, ɗanyen fenti na bin hannunsa har gwiwa. Da ya ɗaga zai soke wuyan, Surayya ta kifa hannunta na dama a kai. Wuƙar ta shiga ta bayan hannun ta fito ta tafin.

Ya zare wuƙar. Surayya ta zauna tana kallon yatsunta biyu da suka ƙi motsi, jini na kwarara kan tsumman zanen.

Inna ta yage gefen mayafinta tana ɗaure mata. Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗan nata ba, don ɗan fari ne. Ta ɗago ta dube shi.

"Abdullatif," ta ce.

Ya tsaya jim. Sannan ya ajiye wuƙar a bakin turmi, ya zura takalmansa, ya bi ta zaure ya fita.