Inda Katangar Ta Tsaya

Wannan karon, wai, masu ba da agaji sun yi hankali. Ba za su sake gina asibiti teku ta zo ta lashe ba. Sai suka yi wa sabon asibitin tsibirin katangar dutse da siminti, tubarkalla. Amma katangar ta tsaya cak inda filin asibiti ya ƙare. Daga nan gidan wata tsohuwa ne mai suna Kaitira, da kabarin mijinta Bauro a ƙofar ɗaki, yadda kowa a tsibirin ke binne nasa.

To ruwa ba ya juyawa don ya ga katanga. In ya buge ta, sai ya zagayo ya huce a kan yashin Kaitira. Bishiyoyin kwakwarta suka bi ruwa. Sannan ya fara cin gefen kabarin.

Ta je ta sami Tekaai, ɗan ƙanwarta, wanda shi ne jami'in aikin.

"Ɗana, ku ɗan ƙaro katangar nan mana."

"Inna, aikin na kare asibiti ne. Masana sun auna haɗarin, komai daidai."

"Haɗarin wa suka auna? Na siminti?"

"Ki yi haƙuri dai. Ke ma fa aka zaɓa ki ɗora wa baƙi furanni ranar buɗewa."

Ka ji ƙarfin hali. Sun turo mata teku har ƙofar ɗaki, kuma suna jiran ta yi musu murmushi. Ta juya ta koma gida.

Da hannunta ta tone kabarin. Ta wanke ƙasusuwan Bauro ɗaya bayan ɗaya, ta shafe su da man kwakwa, ta naɗe a sabuwar tabarma.

Ranar buɗewa mata suka jero da rawa, kowacce da furanninta. Kaitira ce a gaba, rungume da tabarmar. Ta dire ta a gaban babbar baƙuwar da masu agajin suka turo daga ƙasar waje, ta kwance.

Kiɗa ya mutu. Tekaai ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, don Allah, ba a nan ba."

"A ina to? Fassara mata. Ka ce wannan Bauro ne, maƙwabcinku. Tunda nan kaɗai kuka hana ruwa zuwa, a ba shi gado."

Ta zauna a gefensa, ta miƙe ƙafa. Can bayan katanga ruwa ya riga ya cika ramin.