Katin Jiran Gado

Injiniya ta tsuguna gaban suwic ɗin kamfanin, akwatin da wayoyin duk kwamfutocin ginin ke haɗuwa a cikinsa. Katin sarrafawa biyu gare shi, ɗaya yana aiki, ɗaya yana zaman ko-ta-kwana.

"Abu yana aikinsa lafiya lau, ke kuma sai kin tsokane shi?" in ji Manaja daga bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ni ba na yarda da mai jiran gado sai na ga hawansa."

Ta zare katin farko. Fitilar na biyu ta koma kore, ya karɓi ragama. Amma na'urorin da ke maƙwabtaka da suwic ɗin, da suka ji gaisuwar da ya saba aiko musu ta yanke, sai suka ɗauka ya mutu, suka share hanyoyinsa. Daga ofishin akanta aka fara ƙwala kira, wai komai ya tsaya.

Manaja ya haɗe rai. "To, kin gani ko?"

"Na gani. Gara da ya faru ina nan."

Ta mayar da katin, ta ɗora kwamfutarta kan cinya. Ta bi maƙwabtan ɗaya bayan ɗaya, ta saita kowace ta ci gaba da tura saƙo ta tsohuwar hanya har sabon kati ya daidaita zama.

Manaja ya sauke ajiyar zuciya. "Shi ke nan, mu rufe ɗakin?"

Hannunta ya riga ya koma kan katin.

"Yallaɓai, ɗan matsa, kana tare mini haske."