Ta Ƙofa Zan Fita

"Ke Injiniya, wa ya ce ki ɗora tumatir a kan allurata?"

Mama Mai Labule ce tsaye gaban firjina, hannu a ƙugu. Ɗakinta na kallon nawa a saman benen da muke haya. Na ce tumatir ɗin ma yana son ya rame. Ta ja tsaki, ta ɗage riga, ta caka wa cikinta allurar kamar mai soke tsinke a labule.

Ni ba injiniya ba ce. Waya nake gyarawa, a waya kuma na koya. Amma a gidanmu kowa da muƙaminsa. Ɗanta ma Koci ake ce masa, ko kaza bai taɓa horarwa ba. Shayin rage ƙiba yake sayarwa a kwali mai ruwan zinare. Shi ya taɓa jefa mata allurar a shara wai sinadari ne, shi ya sa ta dawo zama firjina.

Bayan allura sai gwaji. Ta je ta tsaya tsakiyar ƙofar ɗakinta, ta saki hannuwa.

"Zo ki sa hannu."

Na zura hannu ta dama, na zura ta hagu. Duk ya wuce.

"Da saura wuri?"

"Har kyanwa ta wuce, Mama."

Duk sati haka muke yi, kuma kowa a gidan ya san dalili. Yayarta a ɗakin nan ta rasu, jikinta ya fi na Mama. Ƙofa ta ƙi. Sai da kafintan da ke ƙasa ya cire ƙofar da katakonta, aka fasa gefen bango, mutanen layi na tsaye suna ɗauka a waya. Daga baya wasu wayoyin sun zo hannuna gyara. Sun koma wa masu su garau, bidiyon ne kawai ya ɓata a hanya.

Tun ranar Mama ta yanke magana. "Ni ta ƙofa zan fita, ƙofar kuma tana jikin bangonta."

Ta je aka yi mata tiyata aka rage mata ciki. Ta zube sosai, har ta koma rage zannuwanta. Da aka kwana biyu sai ƙibar ta fara sallama tana neman dawowa. Likita ya ce tiyata ta yi nata, yanzu allura ce za ta riƙe, kuma abin na zama ne kamar maganin hawan jini. Ya faɗa mata gaskiya cewa zuciyarta ta daɗe da gajiya, ba za ta koma sabuwa ba.

"Ni ba sabuwa na je nema ba," in ji ta. "Hanya nake nema."

Koci kuwa ya samu talla kyauta. Ya haɗa hotonta na da da na yanzu, ya rubuta sunan shayinsa a ƙasa. Wata rana ya zo da fitilar ɗaukar bidiyo, ya zaunar da ita gaban keken ɗinki.

"Mama, ki faɗa wa duniya sirrin."

"Shayin ɗana yana aiki," ta ce, fuska ba dariya. "Kullum nake zuba wa fulawar can. Ku duba yadda ta rame."

Ya yanke wurin ya saki sauran. Na ce mata ta bari na tona shi. Ta ce, "Bar shi ya ci abinci. Wani a gidan nan dai ya ci."

Wata rana da hantsi ta tafi, tafiyar da ba dawowa. Ina kwance wata waya na ji keken ya yi shiru a tsakiyar layin ɗinki, Mama kuwa ba ta tsayawa a tsakiyar layi. Na same ta ta kifa kai a kan labulen wata mata, ƙafarta na kan feda.

Koci ya yi kuka na gaske, wannan ban isa na yi masa sharri ba. Amma da masu ɗaukar gawarta suka hau da gadonsu, sai kocin ya motsa. Ya share ido ya dubi ƙofar.

"A ƙwarewata, gara a cire ta. Kar a zo ana jan Mama. A kira kafinta."

Ba sai an kira shi ba. Tsohon na tsaye a bakin matakala da sukudireba a hannu, kansa a ƙasa. A waje na hango wayoyi sun fara ɗagawa.

Na je na tsaya tsakiyar ƙofar.

"Ba mai taɓa ta."

"Injiniya, uwata ce fa."

"Na sani, Yaya. Ni kuma nake sa hannu duk sati. A gwada."

Babban cikin masu ɗaukar ya dubi Mama, ya dubi ƙofar, ya ce wa ɗan'uwansa, "Kama can." Na matsa gefe. Suka ɗaga ta, lulluɓe da labulen da ba ta gama ba. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce, ƙugu ya wuce. Ko bayan hannunsu bai gogi katako ba. Koci ya bi su yana riƙe da gefen gadon, ya manta da ƙwarewarsa. A ƙasa wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya, don babu abin kallo.

Ni da kafinta muka rage a saman. Ya mayar da sukudirebarsa aljihu. Ya ja ƙofar zai rufe, ta yi ƙara. Sai ya leƙa kan keken Mama, ya ɗauko 'yar kwalbar man keke, ya ɗiga wa hinjin sama, ya ɗiga wa na ƙasa. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Sannan ya ja ta a hankali, ta shiga wurinta ba ko motsi.