Ƙashin Wuyan Genzo

Kuwata ya shiga aikin gawa ne bayan furfura ta fito masa, lokacin da kamfanin bas ɗin da yake tuƙawa a ƙauyukan Akita, a ƙasar Japan, ya rufe. Uwargida Hirai, mai gidan shirya jana'iza, ita ta koya masa wanka da sutura, tana yi tana masa tsiya.

"Direba, mutum ne fa, ba taya ba. Sassauta hannu."

Ranar da za a ƙone gawar wani tsoho, Genzo, ta ce masa, "Yau kai za ka ja tsintar ƙashi. In ka yi daidai, aiki ya zama naka. In ka kwafsa, ka koma neman bas."

Ya haddace komai. In wuta ta gama, dangi za su tsinci ƙasusuwa da dogayen tsinkaye, mutum biyu a kan ƙashi ɗaya, suna sawa a tulu daga ƙafa zuwa sama, don kada mamaci ya zauna a ciki kai ƙasa. Na ƙarshe shi ne ɗan ƙashin wuya mai kama da gunkin Buda a zaune. In ya fito bai fashe ba, mai jan aiki ya nuna shi, ya ce mamaci mutumin kirki ne.

Dangi na shan shayi ana jiran wuta, sai Noriko, 'yar marigayin, ta tare shi a baranda. Ta ɗage gashinta ta nuna masa kunnenta na hagu, a nannaɗe kamar busasshen ganye.

"Aikin marigayin ne, da butar shayi, ina 'yar firamare. Ba na ji da kunnen. Malam Kuwata, maganar nan da kuke yi a kan ƙashin wuya, kar ka yi ta. Ban ce ka zage shi ba. Ka yi shiru kawai."

Ya ce, "To." A ransa yana fatan ƙashin ya fashe, kowa ya huta.

Bai fashe ba. Ya fito fari tas, har da abin da ya yi kama da hannuwa a haɗe. Kuwata ya nuna shi, ya ce, "Wannan shi ne ƙashin wuya." Ya ja bakinsa ya tsuke. Daga bakin ƙofa Uwargida Hirai ta yi gyaran murya.

Matar marigayin, Tsuneko, 'yar tsohuwa mai ranƙwafaffen baya, ta matso.

"Ɗana, ƙarasa mana."

"Iya..."

"Na je tsintar ƙashin maƙwabta ba adadi, na san da saura. Idona ba ya gani sosai. Ya fashe ne?"

"Bai fashe ba, Iya."

"To faɗi. Tun da na aure shi ban taɓa jin wani ya faɗi haka a kansa ba."

Ya dubi hannunta da ke riƙe da tsinkaye. Wuyan hannun a karkace yake, irin karayar da ba a kai asibiti ba. Mutum ɗaya ya dake ta ita da 'yarta. 'Yar shiru take so, uwar magana, shi kuma bakinsa ɗaya ne.

"Marigayi mutumin kirki ne," in ji Kuwata.

Noriko ta ajiye tsinkayenta a hankali ta fita. Ƙashi ba ya ɗaukuwa da mutum ɗaya, dangi kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Kuwata ya ɗauki tsinkayen da ta bari, shi da tsohuwa suka sa Genzo a tulu.

A waje Uwargida Hirai ta jefa masa makullin mota. "Ka so ka ba ni kunya, amma ka farga. Aiki naka ne."

"Uwargida, ke kin yarda ƙashi ya san halin mai shi?"

"Ƙashi ya san zafin wuta. Ja mu tafi, direba."

A gangare suka iske Noriko tsaye cikin yayyafi a tsohuwar tashar bas ɗinsa, wadda babu motar da ke tsayawa a cikinta yanzu. Ya taka birki, ya sauke gilashi, ya kira sunanta. Ta dube shi, sannan ta juyo masa da kunnen hagu.