Akwatin da Na Kai Kasuwa

Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙa kwalekwalen da ke kai matan ƙauyenmu nutso. Da safe in ƙirga su, da yamma in ƙirga su. Ban taɓa dawowa da gurbi ba. Duk gabashin tsibirin Jeju an san wannan game da ni, Bu Mansik, kuma ba ni na yaɗa ba.

Matata, Hyeon Malsun, tana cikin waɗanda nake ƙirgawa. Ta fi kowa daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Sai sauran sun taso sun yi fitonsu na sakin numfashi, ni ina kallon gorar da ke riƙe ragarta tana lilo ita kaɗai a kan teku, sannan ta ɓullo da katantanwa a hannu tana min dariya. Yanzu shekararta saba'in da bakwai. Likitan birni ya ce abin da ke huhunta ba zai kai ta girbin lemu na baɗi ba.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Akwai babban jirgin yawon shaƙatawa da ke tashi daga Busan, kwana biyar a teku, kuma yana ratsawa ta gefen tsibirin Daemado. Can uwarta ta tafi aikin nutso lokacin Malsun tana da shekara shida. Ta nutsa wata rana ba ta taso ba. Babu gawa, babu kabari.

"Ɗaki mai baranda nake so, tsoho," in ji ta. "Ba zan je har can in leƙa ruwa ta gilashi ba."

Na biya won miliyan uku da dubu ɗari shida, mu biyu. Ban tambayi kowa ko sisi ba. Saura kwana uku mu tashi sai guguwa ta taso daga kudu, ta kwashe rufin rumbuna, ta zubar da lemu ɗanye a ƙasa. Kamfanin jirgin ya soke tafiyar. Suka aiko da takarda, wai kuɗina yana nan, in zaɓi wata rana.

Na shiga motar haya zuwa birni da takardar a aljihun ƙirji. A ofishin da na sayi tikitin na tarar da mutane cike, yawancinsu tsofaffi, kowa da irin takardata. Ba wanda ke magana da wani. Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta karɓi takardar da hannu biyu, ta duba na'urarta.

"Baba, akwai jirgi farkon bazara. Ɗaki mai baranda na mutum biyu, miliyan biyar da dubu ɗari tara."

"Na riga na biya."

"Kun biya tsohon farashi, Baba. Takardar nan kuɗinku take riƙe muku, ba ɗakin ba."

"Jirgin ne ya ƙara tsawo?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mai ya yi tsada, abinci ya yi tsada, kuma duk wanda aka soke wa tafiya yanzu ɗakunan nan yake nema. Ta ce da kuɗina za a iya ba mu ɗaki a cikin cikin jirgin, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Ko kuma in jira shekara mai zuwa, wataƙila farashi ya sauka.

"Ba ni da shekara mai zuwa," na ce.

Ta ɗago ta kalle ni, ta sake mayar da ido kan na'urar.

"Zan riƙe muku ɗakin zuwa Juma'a. Amma Baba, lambar nan tana motsi. Abin da na faɗa yau ba lallai shi za ku tarar ba. Ba ku da ɗa da zai cika muku?"

Ina da ɗa. Dongho yana Seoul da mata da 'ya'ya biyu da gidan haya. Tun yana ɗan shekara ashirin ban miƙa masa hannu ba, kuma ba a kan wannan zan fara ba. Na karɓi takardata na fita.

A gida na tarar da Malsun a zaune bakin ƙofa tana tsince busasshiyar ciyawar teku. Na gaya mata yadda aka yi. Na ce akwai ɗaki marar taga, kuma mutum yana iya hawa saman jirgi ya ga ruwa tare da kowa.

"Tare da kowa," in ji ta. "Masu ɗaukar hoto da masu shan giya."

"Teku ɗaya ne."

"Kai da ka yi rayuwarka a samansa za ka ce haka. To bar shi, uban Dongho. Na haƙura."

Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da tsumma, ta ninke shi da sauri ta tura ƙarƙashin cinya. Na ga jinin da ke jiki. 

A saman kabad ɗin ɗakinmu akwai akwati biyu na katako, iri ɗaya. Likkafaninmu ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a shekarar da wata ya ƙaru ya zama goma sha uku, muka sa aka ɗinka su, domin a watan ƙari ake wannan ɗinki, kuma wanda aka ɗinka wa nasa a lokacin yakan yi tsawon rai. Siliki ne na gaske, saƙar hannu. Nawa wando da riga da babbar riga, nata siket da riga da sauransu, har da safar hannu da 'yan jakunkunan da ake zuba farcen mamaci. Kuɗin nutsonta na shekara biyu ya tafi a kai. Akwatina ɗaure yake da shuɗiyar igiya, nata da ja. Sau ɗaya a shekara muke buɗewa, mu shanya a inuwa, mu canza ganyen taba saboda asu.

Kwana biyu ina ɗaga kai ina kallon akwatin nan. Ta lura. Ba abin da ke wuce ta.

"Me kake nema a sama, tsoho? Ɓera?"

"Rufin nake dubawa."

"Rufin yana waje."

Ranar Alhamis da safe ta tafi ɗakin taron masu nutso, inda tsofaffin ke zama su sha shayi su zagi mazansu. Na taka kujera na sauko da akwati mai shuɗiyar igiya. Na naɗe shi a zane. Na ce a raina, ni namiji ne mai lafiya, in lokacina ya zo a sa ni a kayan aikina ma ya isa.

Wadda ta ɗinka mana, Ko Jeongnye, har yanzu tana da rumfarta a lungun tsohuwar kasuwa. Ta girme ni da shekara huɗu. Da ta ga abin da na ajiye a gabanta sai ta cire tabarau.

"Direban mata. Ka zo ka ce ya yi maka kaɗan ne? Ba a dawo min da irin wannan kaya, masu shi ba sa ƙorafi."

"Sayarwa zan yi, Yaya."

"Mutum ya sayar da nasa yana numfashi? Ka san me ake cewa."

"Na sani. Nawa za ki ba ni?"

Ta ɗaga akwatin da hannu biyu, ta auna nauyinsa. Ta ajiye. Ta daɗe tana kallon ƙullin igiyar, ta shafa shi da yatsa.

"Uwar Dongho ta san ka fito da wannan?"

"Nawa ne. Ba ruwanta."

"Wa ya ɗaure shi?"

"Buɗe ki duba in kina shakka."

"Ni na ɗinka, ba sai na buɗe ba. Kuma ba na buɗe irin wannan a gaban mai rai in ba ranarsa ba." Ta janye hannu daga akwatin. "Irin silikin nan ya ƙare, masu saƙarsa sun mutu. Miliyan biyu da dubu ɗari uku. Amma ka koma gida ka kwana a kai, Mansik."

"Gobe Juma'a."

Ta ƙirga min kuɗin ba ta sake kallon fuskata ba.

Daga nan na wuce ofishin. Farashin ya ƙaru da dubu ɗari da ashirin tun ranar Litinin. Na zazzage abin da na ware don gyaran rumbu na cika. Ma'aikaciyar ta ba ni tikiti biyu, hawa na takwas, ɗaki mai baranda. Ta ce daga yanzu in na fasa, ba a mayar da komai. Na ce ban saba fasawa ba.

Da na ajiye tikitin a kan teburin abinci, Malsun ta karanta su a hankali, tana bin layi da yatsa. Ba ta tambaye ni inda na sami kuɗi ba. Ba ta ɗaga kai ta dubi saman kabad ba, ko sau ɗaya, har sanyi ya wuce. Wannan ya kamata ya tsaya min a rai. Ni kuwa na ɗauka na iya ɓoye abu.

Sanyin ya ci ta. Ta rame har zobenta yana zamewa. Amma kullum da safe sai ta fita ta tsaya a bakin dutse tana jan numfashi tana riƙewa, kamar yadda take yi a da kafin lokacin nutso ya kama. Na ce mata likita ya hana. Ta ce likita bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba.

Saura kwana biyu mu tafi, na ce bari in canza ganyen tabar akwatinta, tunda damina tana tafe kuma ban san yadda za mu dawo ba. Tana ɗakin taro. Na sauko da shi. A nan na lura da ƙullin jar igiyar. Ba irin nawa ba ne na masu kwalekwale, wanda na yi da hannuna bara. Ƙullin masu nutso ne, wanda suke ɗaure raga da shi a jikin gora. Na kwance.

Wando ne a sama. Ƙarƙashinsa babbar riga ta maza, mai tsawon hannuna.

Na zauna a ƙasa. Sai na tuna yatsan Yaya Ko a kan ƙullin shuɗiyar igiya.

Motar ƙarfe goma na kama. Yaya Ko tana gani na ta ajiye allura.

"Ba ya nan," in ji ta kafin in buɗe baki. "Wasu daga Seogwipo suka saya wa uwarsu. An ƙone gawarta da shi tun watan jiya."

"Kin san nata ne."

"Na mata ya fi nauyi. Na ce ka kwana a kai."

"Ɗinka wani."

"Da wane siliki? Kuma bana babu watan ƙari, sai bayan shekara biyu. In na ɗinka mata yanzu, mutuwa na kira mata." Ta ɗauki allurarta. "Ita ta sauya igiyar, ba ni ba. Je ka tambaye ta."

Na biya ta ofishin. Na ce a canza mana zuwa ɗakin da ba shi da taga, su riƙe bambancin kuɗin, ba na so. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce jirgin ya cika har ƙasa, ko gado ɗaya babu.

Malsun tana shirya jaka da na shiga. Akwatin yana nan a buɗe a tsakar ɗaki inda na bar shi. Ta rufe wandon da takarda saboda ƙura.

"Me ya sa?" na ce.

"Kai za ka buƙaci naka. Dongho ba zai san inda ake saye ba, zai sa ka a leda mai sheƙi."

"Ke fa?"

"Ka sa baƙin takalminka a jaka. An ce ba a shiga wurin cin abinci da na roba."

"Ina tambayarki, uwar Dongho."

Ta ninke rigar sanyi, ta danna ta a gefen jakar.

"Uwata da me aka rufe ta?"

"Ba za mu je ba."

"To. Sai in mutu a gadon asibiti da bututu a hanci, ba teku ba likkafani, kai kuma ka yi asarar miliyan shida. Ka gaya wa ƙauye haka." Ta ja zik ɗin jakar. "Ka yi min alkawari, Bu Mansik. An ce ba ka saba fasawa ba."

Na yi tunanin kiran Dongho. Na ɗauki wayar, na ajiye. Me zan ce masa? Ba ta faɗi komai ba da za a iya maimaitawa.

Mun tafi. Jirgin ya fi duk gidajen ƙauyenmu a haɗe girma. A ƙofar shiga akwai masu kiɗa, wani yana rataya wa mutane furanni. Ɗakinmu ƙarami ne, gado biyu, kujera ɗaya, sai ƙofar gilashi. Na buɗe ta na fita na gwada ƙarfen barandar. Ya kai min ƙirji. Ita zai kai mata haɓa. Amma akwai ɗan tebur a wajen, kuma ba a ɗaure yake ba. Na shigo da shi ciki na tura ƙarƙashin madubi. Tana kallona daga kan gado.

Ƙarfe huɗu jirgin ya bar Busan. Murya ta fito daga bango ta ce za mu ga Daemado ta hannun dama kafin rana ta faɗi. Ɗakinmu yana hannun dama.

Malsun ta buɗe jakarta. Ta fito da tsohon tabaranta na nutso, ta goge gilashin da gefen riga. Ta zare zobenta ta ajiye a kan matashina.

"Yana zamewa," in ji ta. "Riƙe min."

Na jawo kujerar na ajiye a gaban ƙofar baranda, na zauna, bayana yana jingine da gilashi. Jar igiyar tana aljihuna.

"Ka tare min ruwa, tsoho."

"Sai mun iso."

"Kwana biyar ne fa. Za ka yi barci."

"Mu biyu muka shigo," na ce.

Ta yi irin dariyar da take min a da idan ta taso bayan kowa. Daga nan ta gyara zama, ta ja numfashi, ta riƙe. Na fara ƙirgawa.