Ranar da Silvanus Ya Fito a Talabijin

Afiniki ta ɗaura zanen zumuntar mata, wanda ba ta taɓa shi sai ranar Lahadi, ta nufi kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa tun rana ba ta faɗi ba. A nan ne akwai talabijin, da eriyarsa a kan doguwar gora. Ta tarar wurin ya cika maƙil, har masu sayar da citta sun baro kasuwa, domin yau mijinta Silvanus zai yi ban dariya daga Jos, kai tsaye.

Silvanus mai juya layin dogo ne a tashar Kafanchan, amma ba a bikin aure ko na godiyar girbi a coci ba tare da shi ba. Yana da salonsa. In ya kai tsakiyar labari sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Jama'a, ƙarya nake?" Sai taro ya amsa, "Ba ka ƙarya!" Da wannan amsa yake samun ƙarfin ƙarasawa.

"Maman Clara, ga benci," in ji Nicholas, abokin aikinsa. "Zauna kusa da ƙofa fa. In oga ya kwafsa, ki samu hanyar gudu."

"Kai da ko a hoton aurenka rabin kanka ne ya fito," ta ce, ta wuce gaba ta zauna. Amma in Silvanus ya ji kunya yau, gobe da wace fuska zai shiga tasha?

Sai ga shi a gilashin talabijin, cikin kwat ɗin aro, goshinsa na ƙyalli. Ya fara labarin wani mutumin Kagoma da ya zo tasha karon farko, ya ɗaure akuyarsa a jikin taragon ƙarshe, a zatonsa shinge ne, ya tafi sayen rake. Kulob ya ɗauki dariya. Silvanus ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ƙarya nake?"

"Ba ka ƙarya!" Har kwanon rufi ya amsa.

Silvanus bai motsa ba. Hannuwansa na buɗe, idanunsa na yawo hagu da dama.

"Bai ji ba, ku ƙara murya!" in ji Malam Ƙasimu tela. Suka sake, da ƙarfi. Tsohuwa Scholastica ta miƙe da sandarta, ta kafa baki a jikin akwatin. "Silvanus, ɗana, mun ce ba ka ƙarya! Ci gaba mana!"

Afiniki ce ta fara ganewa. Can inda yake babu kowa, daga shi sai fitilu da na'urar ɗaukar hoto, ga shi an ce ma'aikatan wurin ko tari ba a yarda su yi ba. Nicholas ya fara gyaran murya a bayanta.

Sai Silvanus ya sauke hannuwa, ya ƙura wa na'urar ido, ya karkata kai gefe. Ta san wannan karkatarwar. Haka yake yi mata a tsakar gida, don kowane labari a gabanta yake fara gwada shi, tana tankaɗen acca, kuma tun da suka yi aure ba ta taɓa yi masa dariya ba. A ganinta in ta yi, kansa zai kumbura.

"To," ya ce, "ashe wannan na'ura 'yar'uwar matata ce. Maman Clara, na san kina kallo, kin ɗaure fuska. Ba komai, na saba. Bari in ƙarasa miki."

Ya ci gaba ba tare da jiran kowa ba. Ya zama jirgi yana tashi, ya zama akuya tana bin sa da gudu, kunnuwa a baya, ya zama mutumin Kagoma da rake a baki yana ihu a tsayar da shinge. Malam Ƙasimu ya zame daga benci. Nicholas ya riƙe ciki yana roƙon a ba shi ruwa.

Afiniki ta cije leɓe, ta toshe baki da gefen zane, amma ina. Dariyar ta ƙwace mata, mai ƙara, har hawaye, mutane suka bar talabijin suka juyo suna kallonta.

Washegari jirgin rana ya sauke shi, rabin tasha na jiransa. Da ƙyar ya kai gida. Ya same ta da faifai a cinya.

"Nicholas ya ce wai kin yi dariya."

"Kai ka gani?"

"Ban gani ba."

"To, cire kwat ɗin mutane kafin ka ɓata shi."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon tuwo, da kazar da take ta ajiya don Kirsimeti a kwance cikin miya.